Kundin Aikin Kayan Gashi na Duwatsu Irin na Irokwa

13 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya tun daga zaɓen kaya har zuwa ƙullin ƙarshe. Abin da na ƙudura shi ne in ɗinka kayan adon gashi guda uku da salon ɗinkin duwatsu mai tudu na mutanen Irokwa: babban kilif guda ɗaya na kama gashi ta baya, maɗaurai biyu na bakin kitso, da kuma ɗan kambu na goshi. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne duwatsun da karammiskin duk su kasance tsofaffi, waɗanda aka yi kafin a haife ni. Zare da allura ne kaɗai za su zama na yanzu.

Malamata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Tuskarora, kuma gidanta yana yankinsu da ke kusa da garin Lewiston, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda nake zaune a Bafalo, a jihar Niyok. Tun ranar farko ta gyara mini baki. Irokwa suna ne da ya zo ta bakin Faransawa, su kuwa suna kiran kansu Hodinoshoni, wato mutanen dogon gida, kuma al'ummai shida ne a ƙarƙashin ƙawance ɗaya: Mohok, Onaida, Onondaga, Kayuga, Seneka da Tuskarora. Tuskarora ne suka shiga daga baya, wajen shekarar 1722, bayan yaƙi ya taso su daga Karolina ta Arewa. Na bar kalmar Irokwa a kan kundin ne kawai don ita masu karatu suka fi sani.

27 ga Janairu

Kayan sun haɗu. A wani gwanjon kayan gida na sami akwatin takalmi cike da ɗaurin ƙananan duwatsun gilashi, kuma takardar da ke manne a wuyan wasu ɗauri tana cewa an yi su a Cekoslobakiya. Wannan takarda ta taimaka mini wajen kintatar shekarunsu, domin ƙasar ta wanzu ne daga 1918 zuwa ƙarshen 1992, ga shi kuma takardar ta yi ja, zaren audugar da aka zura duwatsun a kai ya ruɓe har yana tsinkewa da ɗan ja kaɗan. Garin Jablonec da ke yankin Bohemiya na wannan ƙasar da tsibirin Murano na birnin Benis a Italiya su ne manyan wuraren da suka riƙa cika duniya da irin waɗannan duwatsu. Daga can jiragen ruwa suka kai su bakin kogin Nayagara, daga can ɗin kuma wasu suka gangaro Afirka ta Yamma har suka shiga kasuwanninmu, shi ya sa da na ga jajayen nan masu farar zuciya sai na tuna da irinsu a wuyan tsofaffi a gida.

Abin da ke cikin akwatin: garai-garai masu kamar ruwa su ne suka fi yawa, sai farare masu duhun madara, sai kore iri biyu, sai jajayen masu farar zuciya ɗauri ɗaya tak, sai ruwan hoda kaɗan. Yawancinsu lamba 11 ne, wato kowane ƙwaya bai wuce kimanin milimita biyu ba, akwai kuma 'yan lamba 13 waɗanda suka fi ƙanƙanta. A lissafin masu duwatsu, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya.

Karammiskin kuwa daga wata tsohuwar rigar biki na yanke shi, ja mai duhu, na auduga. Kafaɗun rigar sun koɗe, amma ƙasanta yana nan da gashinsa.

10 ga Fabrairu

Makonni biyu ban ɗinka komai ba, tankaɗe da rairaya nake yi. Duwatsun yanzu inji ne yake fitar da su kusan kai ɗaya, tsofaffin kuwa kowane da halinsa: wani ya yi kauri, wani siriri kamar zobe, wani raminsa ya karkace, wani kuma ramin ya toshe gaba ɗaya. Na zube su a farin faranti kusa da taga, ina zura allura lamba 12 a cikin kowane ɗaya, wanda ya ƙi wucewa in ware shi gefe in gwada shi da lamba 13. A cikin jajayen, kusan ɗaya cikin biyar ya ƙi karɓar kowace allura.

Babbar asara ta faɗa kan ruwan hodan. Da na wanke su na shanya, sai na ga wani farin ɓawo kamar gishiri ya sake fitowa a jikinsu, wasu kuma suna farfashewa tsakanin yatsu. Wannan shi ake kira ciwon gilashi: idan tun wajen narkawa ba a daidaita sinadaran ba, danshi yakan jawo gishirin cikin gilashin ya fito waje, jikinsa ya tsattsage. Ba ya warkewa, kuma gishirin yana cin zare da ƙyallen da aka ɗinka shi a kai. Na zubar da su duka, ban bar ko ɗaya ba, duk da cewa launinsu ya fi na kowa kyau. Furen da na yi niyyar yi da ruwan hoda zai koma fari.

24 ga Fabrairu

Na kai wa malamata wani tsohon matashin allura da na saya da arha, mai siffar zuciya, cike da dusar katako, wanda asu ya cinye rabin fuskarsa. Niyyata ita ce in warware duwatsun da suka rage a jikinsa in yi amfani da su. Ta juya shi a hannu na ɗan lokaci kafin ta ce aikin mutanen Kahnawake ne, wato garin Mohok da ke tsallaken kogi daga Montiriyal a Kanada, kuma ta nuna mini shaidarta: duwatsun manya ne, tudun ɗinkin ya yi tsawo sosai, launuka sun yi yawa, bayan kuma an yi masa shafi da auduga mai sheƙi ruwan hoda. Aikin Tuskarora na wancan zamani ya fi karkata ga ƙananan duwatsu garai-garai da farare a kan jan ƙyalle, da tsuntsaye da ganyaye.

Daga nan ta ba ni tarihin da ya sa irin waɗannan kaya suka cika shagunan tsofaffin kaya. Bayan an buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825, daga baya kuma jirgin ƙasa ya iso, masu yawon buɗe ido suka yi ta kwarara zuwa magangarar ruwan Nayagara, kuma kowa yana son ya koma gida da tsaraba. Matan Tuskarora suka riƙa baje kolinsu a Tsibirin Akuya, tsakanin magangarun biyu, da izinin iyalan Porter waɗanda suka mallaki tsibirin kafin jihar Niyok ta karɓe shi a 1885. Matan Kahnawake kuma suna bin wuraren shaƙatawa irin su Saratoga da bukukuwan baje koli. Suna sayar da matasan allura, jakunkuna, firam na hoto, gidan ashana da tsuntsayen ado, sau da yawa da sunan wurin ko shekarar a rubuce da duwatsu. A lokacin da filayensu suka ƙanƙance, da wannan allura mata da yawa suka ciyar da gidajensu. Masu tara kayan tarihi sun daɗe suna kallon kayan a matsayin tarkacen tsaraba, kuma a ganina wannan rashin adalci ne ga aikin da ganye ɗaya a cikinsa yake cin awa guda.

Hukuncinta a kan matashin shi ne kada in taɓa shi. Ta ce ko da rabinsa ya tafi, rabin da ya rage yana nuna yadda hannun wata mata ya lissafa duwatsunsa, kuma idan na warware shi lissafin ya tafi har abada. Duwatsun da suka riga suka zube a cikin ledar da aka saka shi su kaɗai ta yarda in ɗauka. Na ƙirga su, 63 ne, shuɗi mai haske. Na ajiye matashin a cikin takarda marar asid.

9 ga Maris

An fara kilif ɗin. Siffarsa doguwar ƙwai ce, santimita 11 a tsawo, 6 a faɗi. Na manna karammiskin a kan ƙyalle mai tauri, na yanka zanen daga farar takarda mai ɗan kauri, ganye-ganye da 'ya'yan sitiroberi uku, na kafe kowane yanki a wurinsa da ɗinki biyu. Takardar ba a cire ta, a ƙarƙashin duwatsun take zama har abada, kuma aikinta biyu ne: tana nuna wa allura iyaka, tana kuma mayar da haske ta cikin duwatsu garai-garai, ta yadda jan ƙyallen ba zai haɗiye su ba. Na gwada ganye ɗaya ba tare da takarda ba don in gani da idona, sai ya fito kamar ruwan datti.

Asirin tudun a lissafi yake. Idan tazarar da ke tsakanin inda allura ta fito da inda za ta koma tana ɗaukar duwatsu shida a kwance, sai a zura takwas ko tara, ta yadda layin ba shi da wurin kwanciya, dole ya yi baka ya tashi sama. Layi na biyu ya jingina da na farko, na uku ya jingina da na biyu, har ganyen ya kumbura kamar an hura shi. Wani lokaci akan fara shimfiɗa layi ɗaya a tsakiya a matsayin matashi, sauran su haye kansa.

A nan ne tsofaffin duwatsu suka nuna mini halinsu. Da na zamani, idan an ce tara to tara ce a kowane layi. Da waɗannan, tara na iya yin tsawon takwas ko na goma, gwargwadon waɗanda allura ta ɗebo. Ganyena na farko ya fito da ƙusumbi a gefe ɗaya. Malamata ta ce in daina ƙirga da baki, in zura, in kwantar da layin a kan takardar in ga inda ya kai, sannan in ƙara abin da ido ya ce. Ta kuma hana ni zubar da sirara da kaurara, domin sirara suna da amfani a bakin layi inda ganye yake tsukewa, kaurara kuma a ƙololuwar baka. Na warware ganyen sau uku.

23 ga Maris

Azumi ya rage mini sauri. Duwatsun garai-garai ba sa ganuwa sosai a hasken fitila, saboda haka awa ɗaya kawai nake samu da hantsi. Ganye biyar sun kammala.

6 ga Afrilu

'Ya'yan sitiroberin sun ci jajayen duwatsu fiye da yadda na zata, kuma ɗauri ɗaya ne da ni, babu inda zan samo irinsa. Bayan na gama biyu na auna abin da ya rage a cokali, na ga ba zai kai na uku ba. Na duba jajayen zamani a shago, na ɗora su kusa da nawa, bambancin ya fito fili: na zamani ja ne har ciki, nawa kuwa siririn jan gilashi ne a kan farar zuciya, shi ya sa suke da wani haske kamar daga cikinsu yake fitowa. Haɗa su zai zama kamar faci.

Mafitar daga malamata ta zo, kuma daga gonar take. Ta ce a jikin tsiro ɗaya akan ga nunanne da ɗanye da fure a lokaci guda, saboda haka na ukun ya zama ɗanye. Na yi shi da farare masu duhun madara da kore mai haske, na sa jajaye bakwai kawai a ƙasansa kamar ya fara nuna. Yanzu shi ne wurin da ido yake fara sauka a jikin kilif ɗin.

Ban zaɓi sitiroberi don kyau kaɗai ba, kuma sai da na tambaya kafin in zana shi. A wurin Hodinoshoni shi ne ɗan itacen da yake fara nuna a shekara, suna ɗaukarsa jagoran 'ya'yan itatuwa, suna ambatonsa a jawabin godiya da suke buɗe taro da shi, kuma suna yi masa biki a watan Yuni. Malamata ta ce fure da ganye da tsuntsu da sitiroberi an daɗe ana ɗinka wa baƙi su, babu laifi in ɗinka. Amma ta ja mini layi a kan wasu abubuwa: alamomin dangi irin su kunkuru da kyarkeci da beyar, waɗanda ake gado ta wajen uwa, da zanen ɗamarar Hayawata, alamar ƙawancensu da ke kan tutarsu, da duk abin da ya shafi wamfum, wato fararen duwatsu da masu launin shunayya da ake sassaƙawa daga ɓawon halittun teku, waɗanda da su ake ƙulla yarjejeniya. Waɗannan ba kayan kwalliyar baƙo ba ne.

20 ga Afrilu

Kilif ya kammala. Na yanka kwali daidai siffarsa na sa a tsakiya, na yi masa shafi da fatar barewa mai laushi, na tsaga fatar wuri biyu na zura ƙarfen kilif ɗin ta ciki sannan na ɗinke shi ta ramukan da ke bakinsa, domin gam kaɗai ba ya riƙe nauyin gilashi. Bakin kuma na bi shi da ɗinkin duwatsu uku-uku, ɗaya a tsaye biyu a kwance, wanda yake haɗe karammiski da kwali da fata a lokaci guda. Zaren nailan ne na goga masa kakin zuma. Matan da suka yi na da zaren auduga ko na lilin suka yi amfani da shi, kuma shi ne yake fara mutuwa a tsofaffin kayan, don haka a wannan wuri ban bi su ba.

Aibi ɗaya: ya yi nauyi. A gashi mai santsi yana zamewa ƙasa bayan awa ɗaya. A kan kitso ko tufkakken gashi yana zama daram.

4 ga Mayu

Maɗauran kitso sun zo da sauƙi. Kowane ɗaya da'ira ce mai faɗin santimita 4, da farin fure mai kunne biyar, da igiyar fata biyu a baya. A tsakiyar kowane fure na yi abin da ake kira sheƙar tsuntsu, wato ƙananan madaukai da ake tarawa a wuri ɗaya har su yi curi, kuma a nan na sa shuɗɗan duwatsun da suka zube daga matashin Kahnawake, 30 a ɗaya, 30 a ɗayan. Ukun da suka rage na mayar da su ledar matashin.

18 ga Mayu

Kambun goshi ya tsaya, kuma ni na tsayar da shi. Na riga na yanka kwali da karammiski, na zana layin ƙananan bakuna a jere da wani reshe mai lanƙwasa biyu a samansu, wanda na kwaikwayo daga hoton siket ɗin Caroline Parker. Ita 'yar Seneka ce daga Tonawanda, 'yar'uwar Ely Parker wanda ya rubuta takardar sharuɗɗan miƙa wuya a Appomattox a ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865, kuma ita ta ɗinka da yawa daga cikin tufafin da masanin al'adu Lewis Henry Morgan ya tara wa jihar Niyok a tsakiyar ƙarni na 19. Ɗinkinta a kan siket ɗin shimfiɗaɗɗe ne, na siraran layuka a bakin shuɗin ƙyalle mai duhu, ya bambanta da mai tudun da ya yi tashe daga baya.

Da malamata ta ga zanen sai ta bayyana mini cewa bakunan nan rufin sama ne, reshen kuma itacen da ke duniyar sama a labarinsu na farkon halitta. Ta ƙara da cewa irin wannan kambu matansu suna sa shi ne da cikakkiyar shigar gargajiya a taro, kamar yadda maza suke sa hular gashin tsuntsu da ake kira gustowe, wadda yawan gashin gaggafa da yadda aka kafa shi yake nuna al'ummar mutum: uku a tsaye na Mohok, ɗaya a tsaye na Seneka. Ba ta ce kada in yi ba. Ni ce na ga cewa abin da zan fitar zai zama rigar wasu a kan wadda ba ta da hurumin sa ta. Na ajiye zanen, na rage faɗin kwalin zuwa santimita 3, zan yi ɗan siririn maɗaurin kai mai reshe da ganye kawai.

Wannan ya jawo maganar sayarwa, domin wata abokiyar aikina ta ga kilif ɗin ta tambayi kuɗinsa. A Amurka akwai dokar 1990 da ta haramta tallata kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar alhali ba su suka yi ba, kuma ko babu doka, akwai mata a Tuskarora da Akwesasne da Kahnawake da Onaida ta jihar Wiskonsin da suke rayuwa da wannan sana'a a yau. Ɗaya daga cikinsu, Karen Ann Hoffman 'yar Onaida, ta sami lambar girmamawa ta ƙasa a kan fasahar gargajiya a 2020 saboda wannan ɗinki. Na ce wa abokiyar tawa nawa ba na sayarwa ba ne, na kuma faɗa mata lokacin da ake baje koli a Ganondagan, wurin tarihi na Seneka da ke kusa da garin Victor, inda za ta saya daga hannun masu shi.

1 ga Yuni

Reshen maɗaurin kai ana yin sa ne da ɗinkin igiya: gajerun layuka na duwatsu bakwai-bakwai, kowane yana farawa daga tsakiyar wanda ya gabace shi yana haye shi a karkace, har su yi kamar tufkakkiyar igiya. Kore mai duhu ya ƙare a santimita 19, saura 9. Na ci gaba da kore mai haske, amma ban yanke canjin a wuri ɗaya ba, na riƙa cakuɗa su a layuka shida, ɗaya mai haske cikin bakwai, sannan biyu, sannan uku, har mai duhun ya ɓace.

Karammiskin ya ba ni matsala a nan. Da na lanƙwasa kwalin daidai zagayen kai, gashin ƙyallen ya buɗe a wuri biyu inda tsohon ninkin rigar yake, har saƙar ƙasa ta bayyana. Na rufe ɗaya da ganye. Ɗayan yana kusa da kunne, na bar shi.

15 ga Yuni

Na kai kayan uku wurin malamata. Ta juya kilif ɗin ta fara duba bayansa kafin fuskarsa, ta ja ƙarfen, ta bi bakin da farce. Ta sami wuri ɗaya a maɗaurin kai inda na ja zare da ƙarfi har ganyen ya kwanta, ta ce in warware layuka huɗu in ƙara dutse ɗaya a kowane. Maɗauran kitson na bar mata su don jikarta, tunda shuɗin da ke tsakiyarsu daga hannun mutanensu ya fito. Ta karɓa, ta kawo mini ruwan sitiroberi da aka zaƙaƙa da sukarin itacen mapul, irin wanda suke sha a wannan wata.

Abin da ya rage a akwatin: garai-garai ɗauri huɗu, farare ɗauri ɗaya da rabi, kore mai haske kaɗan, jajaye goma sha ɗaya. Layuka huɗun zan gyara su gobe da hantsi, sannan in sa wa maɗaurin kai igiyar fatarsa.